Kwamfuta Ta Cije, Shanu Na Tsaye A Bakin Gada: Me Za A Yi?

A 'yan shekarun nan da wuya a tashi daga zaman ƙungiya ba a ji wani ya kawo kukan kwamfuta ba. Wannan ya ce ta ɗauke ana tsakiyar buga takardar fito, wancan ya ce yaronsa ya kai ta gyara an dawo da ita fes amma babu lissafin shekara biyu a cikinta, wani kuma ya ce ita lafiyarta lau, sai dai jimillar da ta ba shi ba ta zo daidai da abin da ke aljihunsa ba. Shi ya sa muka ga ya kamata a wannan fitowa mu ɗan ajiye maganar farashi da haraji, mu yi bayani a kan wannan na'ura mai ƙwaƙwalwa, tunda dai ta riga ta shigo sana'armu ko muna so ko ba ma so.

Ƙidayar dabbobin da aka yi a Chadi daga 2012 zuwa 2015 ta nuna akwai dabbobi kusan miliyan 94 a ƙasar, shanu kaɗai sun kusa miliyan 25, kuma galibin waɗanda ake fitarwa Najeriya suke nufa, ta cikin Kamaru. Daga Masaget, Durbali, Masakori ko Musoro har a dangana da Maiduguri, Mubi ko Ikko, dabba ba ta ƙetare iyaka sai da takarda: ta likitan dabbobi, ta kwastan, da fasfon dabbobi na hukumar CEBEVIRHA wadda hedikwatarta ke nan Njamena. A manyan ofisoshi irin na Ngeli kuwa, takardar kwastan sai ta bi ta kwamfuta. Ke nan idan na'ura ta cije, ba akawu kaɗai ya tsaya ba. Tirela mai shanu 30 zuwa 40 ce ta tsaya a rana, kowane sa yana bukatar ruwa lita 30 ko fiye a yini, ga kuɗin ciyawa, ga na 'yan lodi da direba, ga rama da ke cin dabba tun ba ta ga kasuwa ba.

To, shawararmu a taƙaice ita ce a bi kwamfuta yadda ake bin sa mara lafiya. Babu bafataken da zai kira mahauci don kurum sa ya ƙi tashi. Sai ya duba hanci ko ya bushe, ya duba ido, ya ga ko yana tuƙa, ya tambayi abin da ya ci jiya. Wuƙa ita ce ta ƙarshe. Wuƙar kwamfuta kuwa ita ce abin da masu gyara ke kira fomatin, watau a share komai a sake zuba mata sabon tsari, kuma abin takaici shi ne da ita wasunsu ke farawa.

Ciwon namu ne ko na wasu?

Wannan ita ce tambayar farko, domin sau da yawa na'urar da ke gabanka ba ta da laifin komai. Kwastan ɗin Chadi, ko duwan kamar yadda muke cewa a nan, suna aiki da wani tsari mai suna SYDONIA, wanda wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro tun farkon shekarun 1980. Kamaru ta daɗe tana aiki da shi kafin ta koma nata mai suna CAMCIS a 2020, Najeriya ita ma tana da nata daban. A duk waɗannan tsare-tsare, babbar na'urar da ke riƙe da bayanai tana can hedikwata, ita ta ɗan tiransit leƙe kurum take yi ta hanyar intanet. In hanyar ta yanke, ko uwar na'urar ta kwanta, ko ƙwararren da ya fi kowa a Njamena aka kira babu abin da zai iya yi daga teburinka.

Kuma hanyar tana yankewa. Chadi ba ta da teku, intanet ɗinmu ta cikin wayoyin ƙarƙashin ƙasa yake zuwa daga Kamaru da Sudan. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Kamaru da Gana da wasu ƙasashe suka shiga matsala, har bankuna suka kasa aiki sosai. Ranar 19 ga Yuli na shekarar kuma wani kamfanin Amurka mai suna CrowdStrike ya tura gyara mai kuskure, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka kwanta a duniya, jiragen sama suka kasa tashi. Duk wanda ya kai na'urarsa aka yi mata fomatin a irin waɗannan ranaku, ai ya yanka lafiyayyen sa ke nan.

Gwajin ba shi da wuya. Ka ce wa yaro ya buɗe wani shafi daban, ko ya gwada da layin waya na wani kamfani, in na Airtel yake amfani da shi ya gwada Moov, sannan ya leƙa ofishin maƙwabci ya tambaya. In kowa kuka ɗaya yake yi, sai haƙuri. Abu biyu ne kurum a hannunka a wannan hali. Na ɗaya, in shafin biyan kuɗi ya tsaya bayan an danna, kada a sake dannawa sai an duba saƙon waya ko abin da ya rage a asusu, domin sau da yawa kuɗin sun riga sun fita, amsar ce ba ta dawo ba, kuma karɓo kuɗin da aka biya sau biyu aiki ne ja. Na biyu, kada a yi lodi sai takarda ta fito. Sa a ƙasa yana kiwo ya fi sa a cikin mota yana jiran intanet.

Idan ta daskare

Yanzu a ce laifin na tamu na'urar ce: an danna ba ta amsa ba, ko 'yar ƙawanyar nan tana ta juyawa, ko an ga rubutun "Ne répond pas" a saman shafi, tunda yawancin kwamfutocinmu na nan da Faransanci suke magana. Abin da aka saba yi shi ne a yi ta danna linzami sau goma sau ashirin, wanda daidai yake da ƙara wa jakin da ya durƙusa kaya, saboda kowane dannawa sabon aiki ne da na'urar za ta jera a layi. A cire hannu, a ba ta minti biyu ko uku. Sau da yawa takan farfaɗo da kanta, kuma in ta farfaɗo abin da za a fara yi shi ne a danna Ctrl da S tare domin a adana aikin.

In ba ta farfaɗo ba, a danna Ctrl da Maj da Échap gaba ɗaya, a kan madannai na Ingilishi kuma Ctrl da Shift da Esc. Wani akwati zai fito mai jerin duk manhajojin da ke aiki, da yawan ƙarfin da kowace ke ci. A zaɓi wadda ta cije a danna "Fin de tâche". Ita kaɗai za ta rufe, sauran su tsira. Yana da kyau a tsaya a kalli jerin nan kafin a rufe shi, domin nan ne ake kama ɓarawo. Sau da yawa za ka tarar an buɗe shafuka talatin na intanet, ga bidiyon wasan ƙwallo a gefe, a kan na'urar da ƙwaƙwalwar aikinta giga 4 ce kacal.

Sai in ko wannan akwatin ya ƙi fitowa ne za a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa goma har ta mutu. Kada a fizge waya daga bango. Bayan an sake kunna ta a buɗe Excel ko Word nan take, domin a yadda aka saita su daga kamfani suna ajiye kwafin gaggawa duk minti 10, kuma za su nuna shi a gefen hagu. A adana shi da sabon suna kafin a taɓa komai. Wanda ya rufe wannan gefen bai duba ba, shi ya jefar da aikinsa da hannunsa.

Daskarewa sau ɗaya a wata ba ciwo ba ne. Amma wadda ke cijewa kullum, musamman in a lokaci guda take yi, tana da dalili, kuma a garin nan dalilin bai cika wuce uku ba.

Zafi, ƙura da wuta

Kamfanonin da ke ƙera kwamfutar hannu, irin su HP da Dell da Apple, sun rubuta a takardunsu cewa an yi ta ne don ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A watan Afrilu kuwa zafin rana a Njamena kan haura digiri 40 kusan kullum, balle a cikin shago mai rufin kwano a Digel da ƙarfe biyu na rana. Watau tun ba a kunna ta ba an riga an wuce iyakarta. A cikinta akwai ɗan guntun ƙarfen da ke yin duk lissafin, wanda idan zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudu da kansa, in abin ya ci gaba sai ya kashe na'urar ɗungurungum don kada ya ƙone. Saboda haka kwamfutar da ke aiki lafiya da safe, ta fara jan ƙafa da azahar, ta mutu ba sallama kafin la'asar, fankarta na kuka kamar injin niƙa, ba bairos ke damunta ba, ba kuma aljanu ba. Zafi ne.

Mu kuma muna ƙara mata. Mun saba zama a kan darduma ko katifa mu ɗora ta a kai, ko a kan matashi, alhali ta ƙarƙashinta take shaƙar iska. Daidai yake da a toshe wa sa hanci a ce ya yi gudu. A ɗora ta a kan tebur ko faranti mai tauri, a ɗaga bayanta da 'yan katakai biyu, a juyo mata fanka. Kada a bar ta a cikin mota a rufe a rana, ko da a kashe take, domin batir ba ya yafe wannan. In an ga wurin shafa yatsa ya taso ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura, a daina caji nan take a kai a cire shi, don yana iya kama wuta. Babban lissafi kuma, irin na rufe wata, a yi shi bayan asuba ko da dare.

Ƙura ita ce abokiyar tafiyar zafi. A arewacin ƙasar nan akwai kwarin Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi, wanda masana suka ce babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura, har takan ƙetare teku ta sauka a dajin Amazon. Abin da ya isa Kudancin Amurka, ina ga shagon da ke bakin kara? Daga Disamba zuwa Fabrairu fankar kwamfuta tana zuƙar wannan hazo, haɗe da gashin dabbobi da burbushin ciyawa da busasshen kashin shanu, su taru su yi kamar auduga a bakin mafitar iska. Sai hunturu ya wuce lafiya saboda akwai sanyi, bazara na shigowa a Maris sai ta fara faɗuwa. Shi ya sa lokacin wanke ta shi ne ƙarshen Fabrairu, ba ranar da ta kwanta ba, ai ba a fafe gora ranar tafiya. A kai wa mai gyara ya buɗe, ya hure ta da injin hura iska, ya sake man sanyayan da ke tsakanin ƙarfen lissafi da fanka, domin man yakan bushe ya zama kamar alli. Kada a hura da baki, kada a sa ruwa ko fetur. In an tashi aiki a rufe ta da ƙyalle, amma sai bayan an kashe ta.

Sai wuta. Ɗaukewarta ba ta kai dawowarta haɗari ba, saboda takan dawo da ƙarfin da ya wuce bolt 220 da na'urar ke so, haka nan lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareto. Ƙaramin gurup da aka haɗa masa firji, ko famfon ruwa, ko dutsen guga, duk sanda ɗayansu ya tashi sai wutar ta yi ƙasa, kwamfutar tebur ta mutu ta sake tashi da kanta. In hakan ya faru ana tsakiyar adana fayil, fayil ɗin yana iya lalacewa ya ƙi buɗuwa har abada. Maganin shi ne akwatin riƙe wuta, wanda masu gyara a nan ke kira ondilar, a Najeriya kuma yu-fi-es. Amma a fahimta, mintoci kaɗan yake bayarwa don a adana aiki a kashe na'ura cikin mutunci, ba don a ci gaba da aiki ko a yi cajin wayoyin unguwa ba. Kada a haɗa masa firinta mai aiki da garin tawada, ta fi ƙarfinsa. Batirinsa kuma zafi na cinye shi, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 na rage kusan rabin kwanansa, don haka duk bayan 'yan watanni a gwada shi: a zare shi daga bango a ga ko zai riƙe. Da yawa a ofisoshinmu akwatin ado ne kurum.

Cajar jabu ita ma tana da alamarta. In an ga kibiyar linzami tana tsalle-tsalle ita kaɗai duk sanda aka sa caji, ta daina in an cire, to a canja caja. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, a zare komai daga bango.

Idan ta ƙi tashi sam

A fara da abin da ake jin kunyar dubawa: soket, waya, da 'yar fitilar caja. Sannan a cire caji, a cire batir in mai ciruwa ne, a zare filash da firinta da duk abin da aka soka mata, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, a mai da caji kaɗai a gwada. In fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin, ko tana ƙarar ƙit-ƙit a jere, galibi sandar ƙwaƙwalwar aiki ce ta goce daga mazauninta saboda jijjigar hanya. Mai gyara zai cire ta ya goge ya mayar cikin minti biyar.

Shuɗin allo mai rubutu, wanda a sabon Windows 11 ya koma baƙi tun 2025, yana ɗauke da wata kalma a ƙasansa wadda ita ce sunan ciwon. A ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Sannan a tambayi kai: me aka ƙara mata jiya ko shekaranjiya? Sabuwar firinta, sabon modem, ko wata manhaja da yaro ya sauko da ita? A cire abin a gani.

Akwai alama ɗaya da ba a wasa da ita. In aka ji ƙarar ƙas-ƙas-ƙas daga cikin na'ura, ko fayiloli suna daɗewa kafin su buɗe, wasu suna ɓacewa, to rumbun ajiya ne ke mutuwa. Tsohon samfurin rumbu faifai ne mai juyawa sau dubbai a minti, da allura a samansa wadda tazararta da faifan ba ta kai silin gashi ba. Wanda ya rufe murfin kwamfuta bai kashe ta ba, ya jefa a jaka ya hau kilando ko ya bi hanyar Durbali, yana iya sa allurar ta karce faifan. In an ji wannan ƙara a kashe nan take. Kowace sake kunnawa "don a gwada" tana ƙara cinye abin da ya saura. A kunna ta sau ɗaya tak, a gaban wanda zai kwashe bayanan. Sabon samfurin rumbu da ake kira SSD ba shi da abin da ke juyawa, shi ya fi dacewa da matafiyi, kuma yana sa tsohuwar na'ura ta yi sauri ƙwarai.

Kuskuren da ba ya kuka

A ganinmu wannan ya fi duk na baya haɗari, domin na'urar ba ta daskare ba, ba ta nuna komai ba, lissafi ne kurum ya karkace. Kuma mu masu ƙetare iyaka shi ya fi kamawa, saboda muna tsakanin masu Faransanci da masu Ingilishi.

A Najeriya ana rubuta dubu ɗari huɗu da hamsin haka: 450,000. A tsarin Faransanci kuwa waƙafi alamar ɓangaren lamba ce, ba ta dubbai ba. Don haka idan yaron da ya yi makaranta a Maiduguri ya zauna gaban Excel na Faransanci ya buga 450,000, na'urar za ta ɗauka 450 ya ce. A ce shanu 35 ne a kan sefa 450,000 kowane, maimakon 15,750,000 sai ta ba da 15,750. Wannan da sauƙi, kowa zai gani ya yi dariya. Mugun shi ne in ya buga 1,500,000 mai waƙafi biyu. Excel ba zai ɗauke shi lamba ba sam, zai ɗauke shi rubutu, kuma in aka zo tara jimilla sai ya tsallake layin shiru, ba gargaɗi. In layi ɗaya ne cikin layi ɗari, miliyan ɗaya da rabi sun fita daga lissafi, jimillar kuma ta fito kamar ta gaske. Irin wannan ne ke haɗa ubangida da yaronsa, ko bafatake da mai lamuninsa, a yi ta rantse-rantse alhali babu wanda ya ci ko dala.

Gane shi ba wuya. In ba a taɓa saitin ba, lamba takan jingina da gefen dama na gidanta, rubutu kuma da gefen hagu. Ka bi jerin kuɗin da ido, duk adadin da ya maƙale a hagu ba a ƙirga shi ba. Ka'idar da za a kafa wa kowane akawu ita ce ya buga lamba tsurarta, 1500000, ba waƙafi, ba ɗigo, ba tazara, ba "F" ko "N" a gefe, na'urar ce za ta yi mata ado da kanta. Sefa da naira kuma kowace da jerinta, farashin canji a gida ɗaya tak tare da kwanan watan da aka yi shi. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957 tun 1999, amma naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 farashin wancan wata ba lallai ya zama na wannan ba. Alamar ##### kuwa ba ɓarna ba ce, gidan ne ya yi wa lambar kaɗan, a faɗaɗa shi.

Haka batun madannai. Na'urorin da ake kawowa daga Dubai ko Kano jerin haruffansu na Ingilishi ne, waɗanda suka biyo ta Duwala kuma galibi na Faransanci, inda A ke mazaunin Q, Z ke mazaunin W, lambobin sama kuma sai an haɗa da Maj. Hannu na iya goge Alt da Maj tare bisa kuskure, sai jerin ya juye. Daga nan sai kalmar sirri ta ƙi shiga, a yi ta gwadawa har banki ya rufe asusu. Kafin gwaji na uku, a duba ƙasan allo ta dama a ga ko FRA ne ko ENG.

In kuma shafukan intanet duka suka ƙi buɗuwa suna cewa agogonka ya yi baya, a duba kwanan wata. A cikin na'ura akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe agogo, in ya mutu sai ta koma shekarun baya. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Chadi da Kamaru da Najeriya duk agogonsu ɗaya ne, babu dalilin taɓa shi don an ƙetare gada.

Filash da mai gyara

Filash, ko kile, da ke yawo daga shagon buga takardu na Kusiri zuwa na Gamboru zuwa ofishinka, kamar dabbar da ta sha ruwa a kowace mashaya ce. Cutar da ta fi yawa ita ce wadda ke mai da fayiloli su zama 'yan gumaka masu ƙaramar kibiya a gindi. Kada a danna su, dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta, kuma kada a share filash ɗin, domin fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, mai gyara zai fito da su. A ware filash guda na fita waje, wanda ba a ajiye komai mai muhimmanci a kansa, ko a riƙa tura takardar da za a buga ta waya.

Tsufan tsarin na'ura na ƙara buɗe wa cuta ƙofa. Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Tsohuwa na iya ci gaba da riƙe lissafi in ba a haɗa ta da intanet ba, amma ba da ita za a shiga banki ba. Mai sayen ta hannu ya tambayi wannan kafin ya biya.

Idan ta kai ga zuwa wurin mai gyara, Alhaji, kada ka aiki yaro shi kaɗai da saƙon "a gyara". Ka gaya wa mai gyaran da bakinka cewa ba ka yarda a yi fomatin ba sai an kwashe bayanai a gabanka, an buɗe fayil ɗin bashi a wata na'ura ka gani da idonka. Ko kwamfutar ta ƙone, galibi ana iya cire rumbunta a karanta a wata. Sai dai sababbin na'urori da yawa suna zuwa da rumbu a kulle da wani tsari mai suna BitLocker, mabuɗinsa lambobi 48 ne da ke ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. In yaron shago ne ya saita da nasa adireshin, mabuɗin rumbunka yana hannun wani ke nan. A nemo lambobin tun tana lafiya, a rubuta a takarda, a ajiye tare da takardun gida.

Fayil ɗin bashi da na la'ada su kasance a wuri uku: a na'ura, a filash ɗin da ba ya kwana a jaka ɗaya da ita, da kuma kwafin da ake tura wa kai ta imel duk ranar da kasuwa ta tashi. A sa kwanan wata a sunan kowane kwafi, kada sabo ya hau kan tsoho. Ƙarshen wata a buga shi a takarda, mai bashi da mai lamuni su sa hannu, littafin hannu kuma kada a jefar da shi. Rasit ɗin nan masu santsi da injin biyan kuɗi ke fitarwa da zafi ake buga su, ba da tawada ba, in sun kwana biyu a gaban mota ko a aljihun riga sai su dushe ko su yi baƙi. A ɗauki hotonsu a ranar da aka karɓa, manyan kuma a yi musu fotokwafi kafin a bar garin.